Madubin Gani Da Dare A Arlit: Araha Ba Ta Ado

Tun ranar 31 ga watan Maris na 2021, da kamfanin Cominak ya rufe mahaƙarsa ta Akokan bayan shekara fiye da 40 yana haƙo ƙarfen uraniyom, harkar kasuwa ta canza a Arlit. Albashin da ke yawo cikin gari ya ragu, mutane da dama suka koma jigilar kaya da neman zinariya, wadda aka fara tururuwarta a Djado da Tchibarakaten cikin 2014. Tare da na'urorin neman zinariya, wata sabuwar haja ta shigo hannun fatake, ita ce madubin gani da dare mai araha, ƙirar ƙasar Sin, wanda kuɗinsa bai zarce na wayar salula mai ɗan daraja ba.

Wani ɗan kasuwa mai sito a bayan gari, wanda ɓarayi suka taɓa fasa wa ƙofa, ya sayi guda ɗaya domin mai gadinsa. Kafin ya danƙa masa, sai ya ce gani ya kori ji, ya yi dare uku yana gwada shi da kansa.

Daren farko babu farin wata. Da ya kunna, sai ga tsakar fili ta bayyana cikin ɗan allon, fari da baƙi kamar tsohuwar talabijin. Ya ga tayoyin mota, ya ga kare, idanunsa na ƙyalli. Mutum kuwa, in ya wuce taku ɗari, sai dai a ga inuwarsa. Ba a rarrabe ɗan gida da baƙo. Da ya sauke madubin, ya tarar idonsa ya rufe, domin hasken allon ya kashe masa sabon da ya yi da duhu. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya koma gani sosai cikin dare, ɓarawo kuwa ba ya buƙatar rabin haka.

Dare na biyu iskar hunturu ta taso da ƙura. Allon ya yi fari fat, kamar direban da ya kunna manyan fitilu cikin hazo. Dalili shi ne, irin wannan madubi ba shi da wani siddabaru: kamara ce da fitila a gefenta, mai fitar da wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani. Hasken ya bugi ƙura, ya dawo. Na sojoji dabam ne. Akwai mai ninka hasken taurari, irin wanda Amurka ta yi aiki da shi a yaƙin Biyatnam cikin shekarun 1960, akwai kuma mai ganin ɗumin jiki. Waɗannan ba sa buƙatar fitila, kuɗinsu ma ba na tebur ba ne.

Dare na uku ne ya fi ba shi darasi. Wani maƙwabcinsa, tsohon ma'aikacin lantarki na mahaƙa, ya tsaya daga nesa ya ɗaga kamarar wayarsa, sai ga fitilar madubin tana walƙiya cikin wayar kamar tocila. Mai shakka ya gwada da rimot ɗin talabijin a gida, zai ga irin wannan haske a yawancin wayoyi. Ashe mai riƙe da madubin yana zaton ya ɓuya, alhali kuwa shela yake yi wa duk wanda ke da na'urar da ta fi tasa.

A Arlit wannan magana ba ta wasa ba ce. A daren 16 ga Satumba na 2010 aka sace mutum bakwai a garin, biyar daga cikinsu Faransawa. Ranar 23 ga Mayu na 2013 kuma aka kai hari da mota mai bam a ma'aikatar Somair. Tun daga nan jami'an tsaro ba sa ɗaukar motsin dare da sauƙi. Wanda aka hango yana leƙe da irin wannan na'ura kusa da mahaƙa ko barikin soja, zai sha tambaya kafin a yarda cewa buhunan shinkafa yake gadi. Direbobin da ke tunanin kashe fitila su bi hanyar Assamaka da madubin a ido su ma su yi hattara: kunkuntar gani gare shi, ba ya nuna zurfin rami ko tudun rairayi.

Da ɗan kasuwan ya miƙa wa mai gadinsa, wani dattijon Buzu, tsohon ya jujjuya shi ya ce: "Alhaji, in na ji motsi zan duba da shi. Amma kunnena da karen nan su ne za su faɗa mini lokacin dubawa."

Haka aka yi. Madubin ya zauna cikin sito, tare da takardar sayensa, don leƙa lungun da aka ji ƙara. Alhaji kuwa ya ƙara tsawon katanga, ya kafa fitilu biyu masu aiki da hasken rana. Duk mai niyyar saye, ya gwada kayan cikin duhu da ƙura kafin ya biya, ya kuma tambayi jandarmomi matsayin doka kafin ya fita da shi waje.