Gonar Hasken Rana ta Jami'ar Bayero

Idan ka bi titin Gwarzo ka wuce Rijiyar Zaki, ka shiga sabon matsugunin Jami'ar Bayero, akwai wani fili da ma'abota wurin za su nuna maka da alfahari. Daga nesa sai ka ɗauka tafki ne yake ƙyalli. Da na matsa kusa na ga farantan sola ne jere reras kamar kunyoyin gona, kowanne ya ɗan karkata yana fuskantar rana. Wurin tsit, ba ka jin komai sai gunjin na'urori ƙasa-ƙasa daga ɗakunan batura.

Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, shi ya buɗe tashar a watan Satumbar 2019, ƙarƙashin shirin samar wa jami'o'i wuta na Hukumar Lantarkin Karkara, wato REA. Ƙarfinta megawat 7.1, kuma a lokacin ita aka ambata a matsayin mafi girma a Afirka cikin tashoshi irinta masu cin gashin kansu. Kamfanin METKA na ƙasar Girka ne ya yi aikin. Ƙafa uku take tsaye a kai: farantai sama da 10,000 masu tara wuta da rana, manyan batura masu ajiye ta don dare, da janaretocin dizal na ko-ta-kwana.

Hikimar tsarin ita ce jami'a da rana tare suke fita aiki. Azuzuwa da ɗakunan gwaji da ofisoshi sun fi jan wuta daga hantsi zuwa la'asar, daidai lokacin da farantan suke kan ganiyarsu. Amfanin wannan ya ƙara fitowa fili a Afrilun 2024, da aka ɗaga kuɗin wutar kwastomomin rukunin A na kamfanonin rarraba lantarki zuwa naira 225 kowane yunit, jami'o'i da dama suka shiga kokawa.

Sai dai da na shafa gefen wani faranti, yatsana ya fito da ƙurar hunturu. Ƙurar nan tana rage wutar da ake samu, kuma wanke ta na bukatar ruwa da ma'aikata. Faranti yakan yi shekara 25 yana aiki, amma batir ba ya kai haka, balle a zafin Kano. Ga shi da dala ake sayo shi. Lokacin hutu kuwa, ko yajin aiki irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas, masu shan wutar sun watse, kayan kuma suna ci gaba da tsufa.

Gwamnati ce ta biya kuɗin ginin, amma ranar canza batura ba ta jiran kasafin kuɗin Abuja. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk jami'ar da ke son irin wannan tasha, ta sa wa kowane sashe da shago da gidan malami mita, ta ware wani kaso na rarar kuɗin dizal a asusu na musamman, ta kuma horar da injiniyoyinta tun kafin ɗan kwangila ya tattara kayansa. In ba haka ba, gara kada a aza harsashin.