Rabin Igiya, Kwatan Gona

A karkarar Dambatta gona jingine take da gona, layin gamba ko lalle kaɗai ke raba su, don haka taki ɗaya na ƙasa yana iya raba zumunci. A nan aka yi wani rabon gado tsakanin wa da ƙanwa. Hukuncin sananne ne: namiji yana da rabon mata biyu. Dattawa suka auna wa namijin taki 80 a tsawo, 40 a faɗi, sannan suka ninka igiya biyu suka ba macen 40 da 20. Kowa ya shafa fatiha.

Ɗanta, malamin lissafi a sakandare, ya zana filayen a takarda mai gida-gida, ɗaya bisa ɗaya, kusurwarsu ta farko a kan (0,0). Kusurwar nesa ta kawunsa ta faɗa (80,40), ta mahaifiyarsa (40,20). Ma'aunin ƙanƙancewar yana fitowa ne idan aka raba sabon adadi da tsoho: 40÷80 rabi, 20÷40 rabi. Siffa ɗaya ce, an rage ta da ½.

Sai dai gero ba a gefen gona yake tsirowa ba. Rabi sau rabi kwata ne: murabba'in taki 3,200 ga kawu, 800 gare ta. Daga jimillar 4,000, haƙƙinta sulusi ne, wajen 1,333.

Babu wanda ya yi nufin zalunci, kuma wannan ne ya sa maganar ta yi nauyi. Kwana uku takardar tana aljihunsa kafin ya durƙusa gaban kawunsa ya ce, "Kawu, ina roƙon a sake jan igiya."