Gadon Alƙalami a Gidan Waziri

Duk shekara, idan muka zo kan waƙoƙin Nana Asma'u a aji, sai mun ratse ta gidan mijinta, Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bayan rasuwar Shehu a 1817. Tun daga kansa wazircin Sakkwato ya zauna a zuriyarsa. Ɗansa Abdulƙadir ya gaje shi, aka yi ta tafiya har kan Muhammadu Buhari, har ɗan Buhari, Waziri Junaidu, wanda ya riƙe sarautar daga 1948 zuwa rasuwarsa a 1997.

A nan ne ɗalibai kan tare mu da cewa ai gado sa'ar haihuwa ce kurum. Ba mu cika musa musu ba, domin mun ga rawunan da suka fi ƙarfin kawunan da aka naɗa wa. Amma a wannan gida alƙalami ake gada tare da rawani. Waziri ke rubuta wasiƙun Sarkin Musulmi, shi ke zaga Kano da Zazzau yana sasanta al'amura. Giɗaɗo ya bar mana Rauɗul Jinan, Junaidu ya bar Tarihin Fulani.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne Buhari. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, shi kuwa ya zauna da jama'ar da ta rage, ya yi sulhu. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya nemi fatawar malamai, sannan ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa. Ɗalibanmu masu zafin jini sukan ce sallamawa ya yi. Mu dai mukan roƙe su su karanta risalar tukuna.