Ɗan Direba: Muhawarar Wani Dare a Gwarinpa

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya wuce ne wani taro ya kai mu Abuja, muka sauka a gidan wani tsohon abokin karatunmu da ke Gwarinpa. Bayan sallar isha'i sai ga maƙwabcinsa, wani dattijo malamin tarihi da ya yi ritaya, ya shigo hira. Ana cikin shan shayi zance ya gangaro kan Akira Kurosawa, mashahurin mai shirya finafinan nan na ƙasar Japan, wanda aka haifa a 1910, ya bar duniya a 1998.

Babu wanda ya yi musun darajar Rashomon, wanda ya ci babbar lambar bikin finafinai na birnin Benis a 1951, ko kuwa fim ɗinsa na jarumai bakwai na 1954, wanda duk Bahaushen da ya kalli Sholay na Indiya ya ga inuwarsa ko bai sani ba. Inda aka sha bamban shi ne: wane ne cikin finafinansa aka tauye wa haƙƙi?

Mai masaukinmu ya ce Dersu Uzala ne, labarin tsohon maharbi a dazukan gabashin Rasha. Dattijo ya murmusa ya ce, "Haba Alhaji, fim ɗin da ya ci lambar Oska a 1976 ne za ka kira maraya?" Shi a ganinsa Dodes'ka-den na 1970 ne abin tausayi, wato labarin matalautan da ke zaune a bakin juji, har da wani yaro mai tuƙa jirgin da babu shi sai a cikin kansa. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, kuma a shekarar da ta biyo baya Kurosawa ya yi yunƙurin halaka kansa.

Da aka juyo kanmu, sai muka kawo fim ɗin 1963 wanda ma'anar sunansa na Japananci ita ce Aljanna da Jahannama, Turawa kuma suka san shi da High and Low. Labarin wani attajiri ne, Gondo, babban jami'in kamfanin takalma, mai gida a kan tudu a birnin Yokohama. Ya jinginar da duk abin da ya mallaka domin ya karɓe ragamar kamfanin, sai aka bugo waya cewa an sace ɗansa, a biya yen miliyan 30. Nan take ya amince. Can sai ga ɗan nasa ya shigo lafiya lau. Ashe ɗan direbansa aka ɗauke bisa kuskure. Ɓarawon kuwa ya ce ko sisi ba zai rage ba.

Dattijo ya ce, "Dakta, wannan ai duniya ba ta raina shi ba. Ko a 2025 Spike Lee ya sake shirya shi a Amurka." Muka amsa cewa gaskiya ne, amma mu ba duniya muke tuhuma ba, kanmu muke tuhuma. Shekara da shekaru muna kafa wa ɗalibai misali da Rashomon idan ana batun sarƙaƙiyar gaskiya a ƙagaggen labari, muna kuma ambaton Ran na 1985 idan an zo kan Shakespeare. Daidai da rana ɗaya ba mu taɓa kai musu labarin Gondo ba, alhali kuwa a cikinsu akwai waɗanda aka taɓa yi wa danginsu karo-karon kuɗin fansa. A fim ɗin ta tagar jirgin ƙasa aka jefa kuɗin. Mu kuwa a watan Maris na 2022 jirgin Abuja zuwa Kaduna aka tare, wasu fasinjoji suka shafe fiye da wata shida a daji.

Dalilin wannan kau da kai, a namu ganin, bai wuce abin nan da Hausawa kan ce ba, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Jarumi mai takobi na can nesa da mu, yaba masa ba ya cin ko kwabo. Amma Gondo namu ne, tambayarsa kuma tamu ce: ran ɗan yaronka daidai yake da ran ɗan cikinka? Bugu da ƙari, Kurosawa bai tsaya ga attajirin ba. Ya gangara da mu ƙasan tudu, ɗakin ɓarawon mai zafi da ƙunci, inda kullum yake ɗaga kai ya hangi gidan. Bai wanke shi ba, amma ya nuna inda ƙiyayyar ta tsiro.

Falo ya yi tsit. Mai masaukinmu ya ce shi kam zai biya, sa'an nan ya ɗan yi jim ya ƙara da cewa, "In Allah ya ba ni iko." Ba mu zarge shi ba, domin shi kansa Gondo sai da ya kwana yana cewa a'a kafin ya biya.

Da safe direban gidan ya kai mu tashar Jabi. Kwana uku yana yawo da mu, sai a ranar muka tambaye shi iyalinsa. Ya ce 'ya'yansa huɗu, suna can ƙauye, rabonsa da su tun ƙaramar salla. Mun dawo mun sanya fim ɗin cikin darasin zango mai zuwa. Muhawarar kuwa ba a kashe ta ba, dattijo na nan kan bakansa.