Wayar murfin tanki: gyaran da za ka iya yi a ƙofar gida

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu lallaɓa tsohuwar mota 'yar Kwatano tsakanin Gwagwalada da matsugunin Jami'ar Abuja na dindindin da ke kan titin filin jirgi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota duk ya koma cikin tanki. Ga kuɗin makaranta, ga na buga aikin bincike. To ƙaramin gyara, in hannunka zai iya, ka yi abinka.

Makon jiya na shiga gidan mai, fitilar tanki na kunne. Na ja libar da ke gefen kujerar direba, sai na ji ta taho sakayau, murfi ko gezau. Mai zuba mai ya ce, "Oga, buɗe mana, ga layi a bayanka." Wani bawan Allah har ya miƙo sukundireba wai a ɓanɓare. Na yi godiya na ƙi, don in ka ɓanɓare ka ɓata fenti, ka karya sakata, murfin ya daina rufuwa. A wannan marrar kuwa, wa zai ajiye mota tanki a buɗe?

Abin ba wani sirri ba ne. Waya ce irin ta birkin keke, silin ƙarfe a cikin roba. Ta taso daga liba, ta bi ƙarƙashin robar dokin ƙofa, ta wuce gefen kujerar baya, ta shiga but, ta ƙare a 'yar sakatar da ke riƙe murfin. Don haka na buɗe but, na yaye shimfiɗar ɓangaren tanki, na laluba na janye sakatar da hannu. Murfi ya buɗe, na sha mai na tafi.

Ranar Asabar na cire ta a gida. Kafin ka fara, sa wani ya ja liba kai kana taɓa murfin. In ya buɗe da ɗan taimako, wayar lafiya take, ɗan ƙarfen da ke turo murfin ne ya saki. In libar ba nauyi sam, wayar ta tsinke ko kanta ya zame daga liba.

Kayan aiki: sukundireba, filaya, sufana mai lamba 10 da doguwar igiya. Ka ɗauki hoton komai da wayarka kafin ka taɓa. Cire robar da ta rufe liba, kwance noti, zare ɗan dunƙulen kan wayar daga raminsa. Ɗaga robobin dokin ƙofa a hankali, don 'yan maƙalansu saurin karyewa gare su. A but, ka saki ƙarshen wayar daga sakata. A tawa murɗawa kawai na yi ta fito. Babbar dabarar ita ce ka ɗaura igiya a kan tsohuwar kafin ka zare ta. Igiyar za ta zauna a hanyar, da ita za ka jawo sabuwar ba wahala.

Don Allah banda sigari, banda aiki kusa da janareta, kuma marfin bakin tankin na ciki ya kasance a rufe. In motarka maɓallin lantarki gare ta, wannan bayanin bai shafe ka ba, sai mai gyaran wutar mota.

Tsohuwar na ɗauka na kai kasuwar kayan mota ta Apo, aka gwada tsawo da kai, saboda kowace mota da irin tata. Aikin bai kai awa biyu ba, kuɗin da zan ba bakanike kuma ya tafi wurin buga babi na uku.

Wanda tasa ta maƙale a Gwagwalada ya yi magana, igiyar tana nan. Allah ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya.