Daren Kagarawal a Zamanin Aci-balbal

A Kagarawal ta ƙuruciyarmu hanci ne yake fara sanin dare ya yi. Ana idar da sallar isha'i iska za ta ɗebo hayaƙin tukubar mai tsire, da ƙamshin ƙuli da kitsen da ke ɗiga a garwashi, ta haɗa da na man gyaɗar da ake toya ƙosai, ta bi lungu-lungu da su har cikin zaure. Gombe a lokacin tana ƙarƙashin jihar Bauchi, mu kuma muna bakin gari. Bayan gidajenmu gonakin dawa ne da wake, sai kwarin da damina take ƙara wa faɗi kowace shekara. Lantarki bai damu da mu ba. Don haka duk inda aci-balbal take ci, nan za ka tarar da mutane.

Teburin mai shayi shi ne fadar unguwa. Benci uku ne, da tulin burodi, da gwangwanayen madara da Bournvita a jere, ga tukunya a kan murhu tana tafasa da citta da kanumfari. Mai shayin layinmu ya san aljihun kowa ba sai ya tambaya ba. Wanda ya kai auduga ya karɓo kuɗi zai ce a haɗa masa mai kauri, wanda wata ya yi wa nisa kuma a miƙo masa ruwan bunu, ba mai ɗaga ido ya dube shi. Idan yana shiƙa shayi daga kofi zuwa kofi, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, mu yara sai mu manta da aiken da aka yi mana. Ya kan gutsuro ƙarshen burodi ya tsoma a madara ya ce, "Ungo, ɗan Malam, maza gida kafin Inna ta leƙo."

Rediyo tana rataye a ƙusa. Da an ji taken BBC sai cokula su tsaya, da an gama labarai kuma sai musu ya tashi. A kan bencin nan direbobin Tashar Dukku suka raba gardamar yaƙin Iran da Iraƙi, a kansa aka tattauna soke zaɓen 1993 har shayi ya huce a kofi. Akwai wani dattijo, Allah ya jiƙansa, da kullum yake cewa shi gaisawa kawai ya zo yi. Gaisuwar ba ta ƙarewa sai ya sha kofi biyu, kuma ban taɓa ganin an rasa mai biya masa ba.

Can gefe kuma dandali ne, duniyar 'yan mata. In farin wata ya fito za ka ji tafi da gaɗa tun daga nesa, farantan talla a ajiye: dafaffiyar gyaɗa, aya, rake da aka fere, masa mai ɗumi da aka yayyafa wa sukari. Samari suna zuwa sayen gyaɗar sule, su yi awa guda ba su gama zaɓa ba. Ranar da yayanmu Hamma ya samu kuɗi yakan shigo da soyayyen kifin Dadin Kowa a takarda, yaji ya huda ta, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a raba har da maƙwabta. Sannan a dama furar da aka ajiye tun rana da kindirmon da matan Fulani suka kawo, ludayi ɗaya yana zagaya mu duka. Da azumi daren yakan ƙara tsawo, kunun tsamiya a kowane gida, 'yan tashe suna bin ƙofa-ƙofa.

Mun san akwai wani daren dabam a cikin gari, na silima da finafinan Indiya, da otal-otal masu kiɗa, da wuraren da ake shan abin da ba a ambata a gidanmu. Labarinsa kawai muke ji a bakin manyan samari, da murya ƙasa-ƙasa.

Ranar 1 ga Oktoban 1996 Gombe ta zama jiha, gari ya fara cinye gonakinmu. Da aka buɗe jami'ar jiha a 2004 ɗalibai suka cika Malam Inna da kewayenta, suka zo da yunwarsu ta tsakar dare. Mai shayi ya sayi kasko ya koyi dafa Indomie da ƙwai, janareta ya danne muryar rediyo, gidan kallon ƙwallo ya kwashe samarin dandali. Ban ga laifin kowa ba, mutane sun samu abin yi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne shekarun tashin hankali. Bayan bam ɗin Tashar Dukku a Disambar 2014, da harin Fabrairun 2015 da ya sa aka hana fita dare da rana, mutane suka koyi tsoron taro. Aka jingine bencuna a bango. Da Allah ya kawo sauƙi aka sauke su, amma da yawa daga masu zama a kai sun riga sun saba da cin abinci a ɗaki.

Yanzu dare ya yi haske tar. Ƙwan sola na ƙasar Sin yana kan kowane tebur, ga awara, ga zoɓo mai ƙanƙara, ga gasasshiyar kaza har ƙarfe goma sha biyu. Wani ɗan ƙanena da ke zuwa Guangzhou sarin kaya ya ce can tituna ba sa barci, ana soye-soye har asuba, kuma yana fatan Gombe ta kai haka. Ina taya shi fata. Sai dai na lura masu saye a layinmu ba sa sauka daga babur, a ƙulla musu a leda, su tura kuɗi ta waya, su wuce. Na tambayi yaron da ya gaji teburin mai shayin layinmu ko yana nan da littafin bashi irin na mahaifinsa. Ya ce, "Yana nan, Baba, amma sai wanda ya zauna ake rubutawa, masu zaman kuwa ba su fi ku biyar ba."