Iyakar da Taswira Ba ta Nuna Ba

Duk lokacin da masana suka jera ƙasashen duniya bisa abin da magidanci ke biya na wutar lantarki, Nijeriya kan faɗo cikin sahun masu araha. Jamus na can sama tare da wasu ƙasashen Turai, Habasha da Iran da Libiya na can ƙasa, mu kuwa mun fi kusa da na ƙasan. Wanda ya duba jadawalin daga nesa zai ce 'yan Nijeriya sun more. Ni da na tashi a Ƙanƙara, nake da kakanni a Faskari da dangi a Sabuwa, na san jadawalin ya faɗi rabin magana ne ya yi shiru. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tamu arahar ko ƙofar gida ba ta isowa, balle a yi maganar adonta.

Ma'aunin da ake sayar da wuta da shi shi ne yunit, wato gwargwadon abin da dutsen guga zai sha idan aka bar shi a kunne tsawon sa'a guda. A 2023 magidanci a Jamus ya biya kimanin santi 40 na yuro a kan kowane yunit. Kaso mai tsoka na kuɗin haraji ne da ladan kula da wayoyi, sannan yaƙin Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya toshe musu iskar gas mai sauƙi da suke samu daga Rasha. Habasha da ruwan madatsunta take haɗa wuta, gwamnati kuma ta danne farashin. Iran da Libiya suna zaune a kan gas da man fetur, suna ɗora tallafi a kai. Ashe abu uku ke yanke farashi a kowace ƙasa: abin da aka sarrafa aka samu wutar, hannun gwamnati ko na karɓa ko na bayarwa, da kuɗin kai ta gidaje.

A Nijeriya an kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa sa'o'in da aka yi musu alkawari a yini, daga rukunin A mai sa'a 20 zuwa rukunin E mai sa'a 4. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 a kan yunit, ƙasa ta ɗauki ƙara. Amma a yawancin ƙauyukan da ke kewaye da garuruwanmu, tambayar rukuni ba ta taso ba. Wasu falwaya ba ta taɓa isa gare su ba, wasu kuma ta isa, sai dai tsuntsaye sun fi mutane amfana da wayar. To, nawa mutumin da ba shi da rukuni yake sayen wuta?

Amsar tana rumfar mai caji. Goggona a wani ƙauye na Faskari takan aika jikanta da wayarta ranar kasuwa, a cika mata batir a kan naira 100. Batirin irin wayoyin da muke riƙewa bai fi cin kashi ɗaya cikin 65 na yunit ba. Ke nan da Goggo za ta tara yunit guda ta wannan hanya, sai ta kashe naira 6,500. Santi 40 na Bajamushe, a canjin ƙarshen 2024, kimanin naira 700 ne. Tsohuwar da ba ta taɓa karɓar takardar kuɗin wuta ba tana biyan ninki tara na abin da mazaunin Balin ke biya, kuma babu jadawalin da ya san da zamanta.

Haka lamarin yake ga masu sana'a. Kawuna tela ne a Ƙanƙara, surfani yake yi da keken da ba ya tafiya sai da wuta. Gab da wata sallah na tambaye shi, “Kawu, bana ɗinki ya yi tsada haka?” Ya nuna ƙaramin janaretonsa da leɓe ya ce, “Ɗan nan, ai ga abokin cin tuwona nan. Shi ke fara sa hannu, ni in suɗe kwano.” Irin wannan janareto da ƙyar yake fitar da yunit biyu daga litar fetur. Tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, fetur ya yi ta hawa har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Yunit ɗin Kawu ya zarce naira 500 ke nan, fiye da ninki biyu na abin da ya sa manyan birane kuka, ban da baƙin mai da gyara da hayaƙin da yake shaƙa. Mai walda da mai injin markaɗe duk kanwar ja ce, kuma a ƙarshe mai saye ne ke ɗaukar kayan. Da azumi, a garin da sunansa Ƙanƙara, ƙullin ƙanƙara kan zama abin da magidanci sai ya yi shawara da aljihunsa kafin ya saya.

Rashin tsaro ya ƙara wa Borno dawaki. A 2021, don daƙile 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Katsina ta hana sayar da fetur a jarka, aka rufe wuraren cajin waya a ƙananan hukumomi da dama, aka kuma katse layukan sadarwa a yankin da ya haɗa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Dalilin matakin a fili yake, amma ya tona wani abu: jarka da rumfar caji su ne tashar wutar talaka.

Ko a kwatanta ƙasa da ƙasa, gumin da aka zubar kafin a samu kuɗin ya fi adadin kuɗin faɗin gaskiya. Mafi ƙarancin lada a Jamus a 2024 yuro 12.41 ne a sa'a, wanda zai sayi yunit 30. A nan mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata, wato kusan naira 400 a sa'a. Wannan bai kai yunit biyu a rukunin A ba, a rumfar mai caji kuwa waya huɗu ce. Ga shi ɗauke wutar da ake yi wa Bajamushe a shekara guda, in an haɗa ta, ba ta cika rubu'in sa'a.

Mutanenmu sun fi yawan kwatanta kansu da maƙwabta. Sau da yawa na ji ana ƙorafi a majalisa cewa muna duhu ana haskaka Nijar da wutarmu. Gaskiya ne akwai layin da ya tashi daga Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram, da wani daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Sai dai sayen wutar suke yi, kuma ruwan Kwara da ke juya injinan Kainji tun 1968 ta ƙasarsu yake ratsowa. Da Nijeriya ta katse layin a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulki, biranensu sun ɗanɗana kuɗarsu har zuwa Maris na 2024. Ko a lokacin zaman lafiya, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wuta a Nijar. Manomin karkarar Maraɗi da na karkarar Sabuwa rumfa iri ɗaya suke kai waya caji, ɗaya ya miƙa sefa, ɗaya ya miƙa naira. Iyakar da ta raba masu sayen wuta da araha da masu sayenta da tsada ba a Jibiya take ba. Tana daidai falwayar ƙarshe.

A watan Oktoba na 2024, da aka lalata manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, birane sun kwana fiye da mako cikin duhu, jaridu suka cika da labari. A ƙauyen Goggo babu wanda ya lura. Duk da haka, abin da ke ba ni fata yana bisa rufin kwano. Masu caji da yawa sun jingine janareto sun koma sola, masallatai da shagunan magani sun bi sahu, domin rana ce kaɗai dukiyar da 'yan bindiga ba su iya tare wa hanya. Abin da ya rage shi ne kuɗin fanel da batir, wanda ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali a tashi ɗaya. Da za a samar da bashin biya kaɗan-kaɗan da ƙananan tashoshin sola na gari guda, naira 100 da Goggo ke bayarwa duk mako ta ishe ta fara mallakar nata hasken. Wanda ya jure sayen wuta mafi tsada shekara da shekaru, ba shi ne zai gaza biyan mai sauƙi ba idan an kawo masa ita.